Ranar da Kaka Likita Ya Daina Zagin Baffa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kaka Likita ya tafi, kuma duk mai ciki a Gaya ya yi rashi. Kar mata su ce da su kaɗai nake. Ina nufin duk wanda Allah ya ba tumbi da hanji, daga liman har mai faci.

Na je zaman makoki iri-iri, amma ban taɓa ganin irin na tsohon nan ba. A ƙofar gida an jera butoci da sabulu, kuma ba wanda ya ce a jera. Kowa ya zo sai ya wanke hannu har gwiwar hannu kafin ya taɓa tuwon sadaka, yana yi yana waige, kamar mamacin zai leƙo ta taga. A cikin gida wata gwaggonmu ta ɗebo yaji za ta zuba a miya, ta tsaya, ta mayar da rabi, ta ce, "Bari dai a yi bakwai tukuna."

Har mai maganin basir ɗin nan da yake yawo da lasifika ranar kasuwa ya zo. A iya sanina, ran nan ne lasifikarsa ta fara hutawa tun da aka ƙera ta. Ya zauna a bakin tabarma yana share hawaye da hula, ya ce, "Allah ya jiƙan Farfesa. Shekara da shekaru yana kashe mini kasuwa. Amma da hanjin ɗana ya ƙulle, shi ya kwance shi, bai ko ce mini ina naka maganin ba." Sannan ya ƙara da cewa, "To, ya faɗa. Amma sai da yaron ya warke."

Wani dattijo kuma daga Ajingi aka ce masa, "Malam, ya jiki?" Ya buɗe baki zai ce lafiya lau, sai ya haɗiye, ya ce, "To, gwiwa dai tana ɗan damuna, kuma in na ci wake ba na jin daɗi." Aka fashe da dariya, aka tuna makoki ake yi, aka yi istigfari. Duk wanda ya san Kaka ya san dalili. Shi ba ya karɓar lafiya lau. In ka ce masa lafiya lau sai ya ce, "Wannan ta bakin hanya ce. Ba ni ta cikin gida."

Ni jikansa ne, ƙanin kakana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Don haka duk abin da na faɗa a kansa a nan, kar wanda ya ce na yi rashin ladabi, hakkina na jika nake karɓa. Ɗalibansa za su rubuta nasu da Turanci, su jero digirori. Ni abin da nake tsoro shi ne a manta da tsohon da muka sani, da kuma rigimar da ya yi da taubashinsa na Toranke, wadda mutane suka ɗauka wasa ce, alhali a kan rai aka yi ta.

Likitan tiyata ne, na ciki. Ya yi karatu har aka rasa makarantar da za a ƙara tura shi, ya je ƙasar Turawa ya dawo, ya ƙare ƙuruciyarsa a babban asibiti a Kano yana buɗe mutane yana rufewa. In ya fito daga ɗakin tiyata kuma sai ya shiga ɗakin gwaji, ya kifa ido a madubin ƙara girma, yana neman abin da yake cinye cikin mutanenmu. Ya rubuta takardun bincike da Turancin da ko shi sai ya gyara tabarau kafin ya gane. Har ya zama farfesa. Mahaifiyarsa kuwa, Allah ya jiƙanta, duk wannan bai burge ta ba. An ce ranar da aka yi mata bayanin aikinsa ta riƙe haɓa ta ce, "Yo duk wannan bokon ashe fawa zai koya? Ai da mun kai shi kasuwa tun yana ƙarami."

Mahautan Gaya ma haka suka ɗauke shi. In ya wuce ta rumfarsu sai ka ji, "Ranka ya daɗe, abokin sana'a!" Shi kuma ya ce, "Bambancinmu ɗaya. Nawa suna tashi su tafi gida."

Ranar layya kuwa a gidansa, Allah ya raba ka. A kowane gida da an feɗe rago sai a wanke kayan ciki a ɗora a wuta. A gidan Kaka sai an yi darasi. Zai naɗe hannun riga, ya shimfiɗa hanjin rago a faranti, ya tara mu har masu gemu, ya ce, "Waye zai nuna mini inda ƙaramin hanji ya haɗu da babba?" Maƙwabta sun ci sun yi gyatsa sun kwanta, mu muna tsaye muna jarrabawa. Sai matarsa, Hajiya Kaka, ta fito da muciya ta ce, "Likita, ko ka ba ni hanjin nan, ko in soya ɗalibanka." Ita ce ta kafa doka a gidan, ba a ambaton hanji in an zuba abinci. Shi kuma ya kiyaye, sai ya koma cewa "wancan mutumin". Kana tsakiyar loma sai ka ji, "Tauna sosai, kar ka wahalar da wancan mutumin."

Yakan ce Bahaushe ya ɗora wa ciki kayan da ba nasa ba. "Farin ciki, baƙin ciki, duk na nema. Na buɗe cikin attajiri, na buɗe na mai tura baro, ban taɓa ganin fari ko baƙi ba, duk kalarsu ɗaya. Amma zurfin ciki kam na gan shi. Shi ya fi kowace cuta kawo mini gawa." Abin da yake nufi, mutum zai yi ta ganin alama a jikinsa, ya ƙi faɗa saboda kunya, ya ce basir ne, ya yi ta shan jiƙo, sai an ɗauko shi a kwance. A wajen mutanenmu ai komai basir ne. Ciwon baya basir, ƙaiƙayin ido basir, in babur ɗinka ya ƙi tashi ma wani zai ce ka duba ko basir ne.

Da ya yi ritaya ya dawo Gaya muka ce to, tsoho zai huta. Ina! Sai ya ce yanzu ne ma zai yi binciken da ya daɗe yana so, ya bi ƙauyuka ya gano me ya sa gyambon ciki da ciwon hanji suka yi mana yawa, ko ruwan sha ne, ko wata ƙwayar cuta. Ya samo 'yan kwalabe masu murfi, ya fara da wani ƙauye a gefen Gafasa. Aka tara magidanta a gindin bishiya. To, ka san gaban dattawa, shi ma sai harshensa ya yi nauyi. Ya raba kwalabe ya ce, "Don Allah gobe da safe kowa ya ɗebo mini ɗan bayan gidansa. Kaɗan, kamar ƙwayar gyaɗa."

Kowa ya ce to, ai wannan mai sauƙi ne. Kaka ya dawo gida yana murna, yana cewa bai taɓa ganin mutane masu wayewa irin waɗannan ba.

Washegari ya koma. Ga kwalabe nan an jera, kowacce cike da ƙasa. Ja, baƙa, mai yashi. Kowa ya zagaya bayan gidansa ya ɗebo. Wani ma a kwano ya kawo, ya ce, "Likita, ni bayan gidana yana da faɗi, kwalbar ta yi kaɗan." Wani ya matso ya tambaya a hankali, wai in an auna ƙasar, taki za a raba?

Kaka ya zauna a kan tushen bishiya ya yi dariya har tabarau ya faɗi. Ya ce, "Laifina ne, na sa wa magana riga da wando." Sannan ya miƙe ya tuɓe ta tsirara. "Jama'a, kashi nake nufi! Kashinku!"

Wallahi kafin ya rufe baki rabin taron sun tuna sun bar akuya a sake. Wani dattijo ya ja rawani ya rufe fuska. Aka yi kwanaki ana cewa Farfesa ya koma boka, in ba boka ba wa yake neman wannan abu a kwalba? Amma da yake ba wanda bai taɓa kwantar masa da wani nasa ba, a hankali aka fara kawowa, a naɗe cikin tsumma, a cikin leda, a cikin wata ledar, kamar ana safarar zinare.

A haka bincike ya isa Toranke, garin kawunnansa, don mahaifiyarsa Bafillatanar can ce. A can taubashinsa yake, ɗan wan mahaifiyarsa, wanda kowa yake ce wa Baffa, har mu jikoki. Ya ɗan girmi Kaka. Dogo ne, siriri, mai 'yan shanunsa da gonarsa, mai kunyar da ko ruwa ba ya sha a gaban surukai. Tun suna yara ba su taɓa gaisawa irin ta mutane ba. Baffa zai ce, "Kaɗo, bawana, ka zo ne ka share mini garke?" Kaka zai ce, "Na zo ne in ga ko an fara sa maka takalmi." Haka suke, a gidan biki, a gidan mutuwa, a ƙofar masallaci.

Matata 'yar Toranke ce, gidansu katanga ɗaya da na Baffa, don haka ina yawan zuwa. Kuma duk mun lura a shekarar Baffa ya rame. Mutumin da dama kamar sanda yake, yanzu ya koma kamar zanen sanda. In an tambaya sai ya ce basir ne ya ɗan taso.

Aka ba shi kwalba, ya karɓa da yatsu biyu kamar kunama. Abin mamaki, washegari ya aiko da ita a cike.

Ranar wani suna ina zaune cikin maza a ƙarƙashin darbejiya sai ga Kaka ya sauka daga mota, fuskar nan a ɗaure. Ya yi sallama ya ce, "Jama'a, ku taya ni murna. Na gano abin da Turawa ba su gano ba. Na duba kwalbar taubashina. Bincike ya nuna abincinsa harawa ne da dusa, cikinsa kashi huɗu ne, kuma yana tuƙa. Shawarata a daina wahalar da matarsa Goggo da tuwo, a nemo igiya a kai shi turke."

Wuri ya kaure. Ashe na saniyarsa ya ɗebo ya cika kwalbar. Baffa ko gezau, ya gyara zaman sandarsa ya ce, "Kaɗo, ai ka nuna ba ka da ilimi. Abin da ta ci shi nake sha da safe. In tana lafiya, ina lafiya. Me ka gani a jikinta?"

"Lafiyarta ƙalau."

"To ka sallame ni."

Aka sake kwashewa da dariya, har da Kaka. Mu a nan muka ɗauka labari ya ƙare. Abin da ya biyo baya ban ji shi daga bakin Kaka ba, shi ko da wasa bai taɓa faɗa ba. Goggo ce, matar Baffa, ta ba ni bayan rasuwar Kaka, ta ce in faɗa.

Ta ce a ranar ta aika aka kira mata Likita zaure. Ta tsaya a bayan zana, don ita ma ba ta iya haɗa ido da shi. Ta ce, "Likita, wankin gidan nan ruwansa ja yake fita. Kuma mu ba rini muke ba."

Ya ce, "Wankin wa?"

Ta ce, "Na mai gidan."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a cire gyaɗa. Ya sha sassaƙe har bishiyoyin Toranke sun koma tsirara."

A lokacin kuwa har an fara sharar gona. Jini a bayan gida na tsawon wannan lokaci, ga rama, ga shekaru. Shi ya san ba lallai basir ba ne, kuma ya san in abin da yake zargi ne, kowane wata da ya wuce ƙofa ce take rufewa.

Ya samu Baffa shi kaɗai a garke ya faɗa masa. Ya ce sai an kai shi Kano an zura 'yar kyamara an leƙa hanjin. Baffa ya ce ta ina za a zura? Kaka ya faɗa masa. Goggo ta ce ihun da Baffa ya yi, sai da shanu suka miƙe tsaye.

"Ni? Da furfurata? Kaɗo, ka haukace. Ban taɓa kwance wando a gaban namiji ba tun da aka yi mini kaciya. Gara in mutu da mutuncina."

"In ka mutu ma ai sai an kwance. Masu wanka za su gani, kuma su ba za su iya yi maka komai ba."

Wannan maganar ta yi wa Baffa zafi. Ya ce kar Kaka ya sake taka masa gida. Kaka ya ce to. Washegari sai ga shi da jaka da tabarma da gidan sauro, ya shimfiɗa a zauren Baffa, ya ce ya zo baƙunta. Ka san kuwa Bafillatani zai iya korar ɓarawo, zai iya korar kura, amma ba zai iya korar baƙo ba.

Nan fa aka shiga. Farfesa guda, mutumin da ake aiko wa mota daga Kano, ya tare a zauren ƙasa yana korar kaji. Kuma ya ci. Wayyo, ya ci! Mutumin da yake hana mu cika ciki, ya zama sai an yanka masa zabuwa kullum. Zabin Toranke suka gane ƙarar takalminsa, da sun ji shi sai su haye bishiya. Kullum da safe kuma, daidai lokacin da mutane suke wucewa gona, zai ɗaga murya ya ce, "Baffa! An tashi lafiya? An zagaya? Me aka gani?" Baffa ya koma fita ta kan katanga. Amma bai sauko daga ra'ayinsa ba. Zagi ya dawo da zagi, gori ya dawo da gori, jikinsa kuma yana ta zubewa. Goggo ta ce har ya fara zama a salla.

Sai wata safiya Baffa ya fito, ya tarar Kaka ya naɗe tabarmarsa. Da ya ga Baffa sai ya cire hula, ya durƙusa har ƙasa, ya ce, "Yaya, barka da asuba. An tashi lafiya?"

Baffa ya waiga bayansa ya ga ko da wani ake. Ba kowa. Ya ce, "Kaɗo, wane sabon iskanci ne wannan?"

"Ba komai, Yaya. Allah ya ƙara girma. Na takura maka, ka yafe ni."

Aka kawo fura, Kaka ya miƙa masa da hannu biyu. Baffa zai tashi, Kaka ya riga shi ya juya masa takalmi. Baffa ya jefa masa magana, ya ce hancinsa kamar an taka tumatir. Kaka ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Yaya." Ya ce masa bawa, ya ce masa mahauci, ya zagi tabaransa. Kaka ya ce, "Gaskiya ne, Yaya. Allah ya ba da haƙuri."

Goggo ta ce tun da ta auri mutumin nan ba ta taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ran nan. Ya taɓa bin ɓarayin shanu shi kaɗai da sanda. Amma ladabin Kaka ya karya shi. Don kowa ya sani, taubashi ba ya girmama taubashi haka kawai. In ka ga ya daina tsokanarka, ya koma yi maka magana a hankali, to ya ga abin da ba ka gani ba, ya fara sallama da kai ne.

Da la'asar Baffa ya shigo zaure ya zauna a ƙasa kusa da shi. Ya ce, "Kaɗo. Zage ni."

"Ba na zagin mara lafiya, Yaya."

"Don Allah ka zage ni. Ko kaɗan."

"Ba zan iya ba."

"Mutuwa zan yi ke nan?"

Kaka ya cire tabarau ya ce, "Ban sani ba. In ka bari na duba, zan sani. In ka ƙi, ni dai ba na so in tuna cewa maganar ƙarshe da na yi maka zagi ce."

Can Baffa ya ce, "In na je, za ka koma yadda kake?"

"In ka je ka dawo, sai ka roƙe ni in yi shiru."

Baffa ya leƙa cikin gida ya ce, "Ke, ɗauko mini wandon nan mai sabon mazagi. In za a kwance, a kwance na kirki."

Aka tafi Kano. Aka leƙa, aka ga ƙari a babban hanji, irin mugun nan, amma Allah ya sa bai yaɗu ba tukuna. Sai tiyata. A nan wata sabuwa ta ɓullo. Kaka ya ce shi hannunsa ya fara rawa, kuma likita ba ya yanka ɗan'uwansa, don haka wadda ya fi yarda da ita a duk ɗalibansa ita za ta yi.

Baffa ya ce, "Ita? Mace?"

Kaka ya ce, "Eh, Yaya."

"Kaɗo, ka cuce ni! Ka rabo ni da gida ka kawo ni gaban 'yar cikina!"

Likitar tana tsaye tana jin su. Ta ce, "Baba, kwantar da hankalinka. Ni ma ba don ina marmarin ganinka ba ne." Goggo ta ce a nan ne Baffa ya fara murmushi tun da suka baro gida. Ya nuna ta da baki ya ce, "Wannan ta fi ka tarbiyya. Ta iya magana."

Aka shiga da shi, Kaka ya sa rigar tiyata ya bi su, ya tsaya a gefe har aka gama. Goggo tana waje tana jan carbi har ta manta inda ta tsaya. Da Baffa ya farfaɗo ya buɗe ido, fuskar da ya fara gani ta Kaka ce. Ya tsura masa ido, yana jira ya ji da wace murya za a yi masa magana.

Kaka ya sunkuyo ya ce, "Na sha jin ana cewa Fulani suna da zurfin ciki. Yau na leƙa. Ba komai a ciki sai tsamin fura da taurin kai. Mun cire kaɗan, sauran ya fi ƙarfin wuƙa. Tashi, ɗan nagge, ka cika wa mutane gado."

Baffa ya rufe ido, hawaye ya gangaro masa har kunne. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ke, aika gida a ce zan rayu. Bawan nan ya dawo da rashin kunyarsa."

Mu a gari abin da muka sani kawai, Baffa ya je Kano an yi masa aiki ya dawo, Kaka kuma ya yi ta zarya Toranke na tsawon watanni. Muka ce zabi ne suke kiransa. Duk surutun tsohon nan, duk wanda ya tambaye shi me aka yi wa Baffa sai ya ce, "An duba masa ƙaho ne."

Shekaru suka wuce. Kaka ya gama bincikensa, ya sa aka gyara rijiyoyi a ƙauyuka da dama, ya koya wa mata tafasa ruwa har suka gaji da ganinsa. Da ajali ya zo kuma, ba ta ciki ya biyo ba. Zuciya ce ta tsaya masa wata safiya yana zaune a kujerarsa. Wani ɗalibinsa ya ce ciwon ma ya san inda ya bi, ya kauce wa fanninsa.

Baffa bai samu jana'iza ba, sai ranar uku aka kawo shi a adaidaita. Ya tsufa ƙwarai, amma da ƙafarsa ya sauko. Zaure cike, ga liman, ga manyan likitoci daga Kano, ga surukansa, ga nawa. Aka matsa masa, ya ƙi zama. Ya jingine sandarsa, ya kama bakin rigarsa, ya ɗage ta har wuya.

Mutumin da ko ruwa ba ya sha a gaban surukai, ga cikinsa a waje, ga tabon ɗinki tun daga cibiya har ƙasa, ga wani a gefe.

Ya ce, "Ku kalla da kyau. Jini nake kashi. Na faɗa, kashi. Na ɓoye na ce basir ne. Da aka yi mini aiki, ta nan gefen aka fitar mini da hanya, na yi watanni ina yawo da leda a ƙarƙashin riga kafin a mayar. Na ce sallata ta lalace, ba zan ƙara shiga masallaci ba. Kaɗon nan ya je ya tambayo mini malamai, ya dawo ya ja ni sahun gaba ya tsaya a gefena. Shi yake zuwa da kansa yana canza mini ledar, da hannunsa, farfesa guda, yana yi yana zagina. A cikinku akwai wanda ya taɓa jin wannan a bakinsa?"

Ya ci gaba.

"To ni na faɗa. Duk wanda yake ganin abin da na gani, ya tashi ya tafi asibiti. Kunyar ba ta kai kabari zurfi ba, na auna." Ya duba zauren nan gefe da gefe, rigar tana hannunsa har yanzu, kamar ya manta yadda ake sauke ta. Ya ce, "Tun da na shigo kowa sai sannu Baffa, Allah ya ba da haƙuri Baffa. Duk kun bi kun ishe ni da ladabi. Yanzu shi ke nan, ba mai zagina?"

Liman ya sunkuyar da kai. Likitoci suka sunkuyar da kai. Na duba, duk zauren ba wanda yake da izinin yi sai jika. Sai na daure na ce, "Tsoho, don Allah sauke rigar nan, kana tsorata yara. Ciki kamar hanyar Toranke da damina."

Ya juyo ya kalle ni. Ya saki rigar. Ya yi dariya, ya yi kuka, ya sake yin dariya, sannan ya zauna ya ce, "Bai kai nasa ba. Amma a kawo mini fura."

Allah ya jiƙan Kaka Likita. Yadda ya rufa wa bayinka asiri, ya Allah, ka rufa masa nasa.